Aikin firist wajen tabbatar da warkewar kuturu a Isra'ila ta dā

A dokar Isra'ilawan dā, firist ne kaɗai ke tabbatar da cewa kuturu ya warke. Dokar tana cikin Littafin Firistoci, babi na 13 da 14. Firist ba ya ba da magani. Yakan fita bayan zango ya duba fatar mutumin. In ya ga cutar ta tafi, sai a yanka tsuntsu ɗaya bisa ruwa a kasko, a yayyafa wa mutumin jinin sau bakwai, a saki tsuntsu na biyu da ransa. A rana ta takwas akan miƙa hadaya, a shafa masa jini a kunnen dama da manyan yatsun hannu da ƙafa na dama. Kalmar Ibrananci "tsara'at", wadda ake fassarawa da kuturta, ta haɗa cututtukan fata iri-iri, har da tabon tufafi da bango.