Daga Wuƙar Beatson Zuwa Wad Madani: Sankarar Mama da Batun Haihuwa

A shekarar 1895 wani likitan fiɗa na birnin Gilasgo, George Beatson, ya cire ma'ajiyar ƙwan haihuwa ta wata mata mai sankarar mama, sai ƙarin ya ja baya. Tun daga nan likitoci suka riƙa kallon haihuwa a matsayin abin da ake sadaukarwa domin a tsira da rai. Magungunan kemoterafi irin su cyclophosphamide, da suka zo daga baya, suna kashe ƙwan mace. Ita kuwa ƙwayar tamoxifen shekara biyar zuwa goma ake shanta, kuma ba a ɗaukar ciki a kanta. Wadda ta fara sha tana da shekara 33 na iya gamawa lokacin haihuwarta ya kusa wucewa.

Sannu a hankali aka sake tunani. A 1986 aka sami haihuwar farko da ƙwan da aka daskarar, a Ostareliya. A watan Mayu na 2023 kuma aka buga sakamakon binciken POSITIVE: mata sama da 500 sun dakatar da maganin na tsawon da bai wuce shekara biyu ba don neman ciki, kuma cutar ba ta dawo musu fiye da sauran ba a shekarun farko.

Wannan albishir ya iske Sudan cikin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu. Hausawan Mai Wurno da ƙauyukan Damazin, waɗanda kakannin wasunsu suka yi hijira bayan faɗuwar Burmi a 1903, sun daɗe suna dogaro da wurare biyu: cibiyar gashin sankara ta Khartum, wadda aka buɗe a 1967, da Cibiyar Sankara ta Jami'ar Jazira a Wad Madani. Khartum ta zama fagen fama, Wad Madani kuma ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba 2023, sai a Janairu 2025 soja suka karɓe ta.

Ko a zaman lafiya ma, ajiye ƙwai na bukatar kimanin mako biyu na allurai kafin a fara kemoterafi, da ɗakin gwaji mai sanyin da ba ya yankewa. Matan Sudan da yawa sukan kamu suna da ƙuruciya, sukan kuma isa asibiti cutar ta yi nisa, lokacin da likita ba shi da mako biyun da zai bayar.