Sawun Mota a Kan Kwalta

Duk wanda ya san Mando, a arewacin garin Kaduna, ya san hanyar da ta tashi daga nan ta nufi yamma, ta bi ta Afaka da Buruku har Birnin Gwari, wato tsohuwar hanyar Ikko. Motoci da babura ba su yankewa a kanta, amma in ɗaya ta ɓata, kwalta ba ta gaya wa kowa inda ta yi. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in ɗan taɓo wa 'yan'uwana ɗalibai tarihin wata dabara da aka ƙago don a mayar wa mota da sawunta.

Bin sawu dai tsohon ilmi ne a ƙasar Hausa. A da, in aka kore wa mutum shanu ko raƙumi, gwanin bin sawu ake kira, ya duba ƙasa ya faɗi yawan ɓarayin da inda suka dosa. Buzaye na yi wa raƙumansu alama da ƙarfe mai zafi, Fulani kuwa su tsaga kunnen saniya, don ko an kai ta kasuwa mai nisa a gane ta. Duk waɗannan alamu ido ke ganinsu, ɓarawo ma yana gani. Abin da masu ilmin haɗa sinadarai suka ƙara shi ne alamar da wanda ke ɗauke da ita bai san da ita ba.

Abin takaici, ba don kama ɓarayi kaɗai aka gwada dabarar ba. A Jamus ta Gabas, cikin shekarun 1970 da 1980, 'yan sandan asirin da ake kira Stasi sun riƙa fesa wani sinadari mai fitar da tururin nukiliya a kan tufafi da takardu da kuɗin mutanen da gwamnati ke zargi. Mota kuwa, wata bindigar iska suka ƙera wadda ke harba ɗan guntun wayar azurfa mai irin wannan tururi ya maƙale a taya. Mai bin sawun yana can baya da na'ura a ɗaure a hammata, da ta ji tururin sai ta yi ta rawa ba tare da ƙara ba. Sai bayan rushewar ƙasar, da aka buɗe takardun Stasi, duniya ta ji labarin sosai a shekarar 2000 da 2001. Ba a nemi yardar kowa ba, balle a gaya masa haɗarin da ke jikin rigarsa.

Rasha ma ta yi nata. A watan Agusta na 1985 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta zargi hukumar KGB da barbaɗa wata hoda mai suna NPPD a kan sitiyarin motocin ma'aikatan jakadancinta a Mosko da mariƙin ƙofofinsu. Duk wanda ma'aikaci ya gaisa da shi, hodar za ta tona shi. A 1986 masu binciken Amurka suka ce ba ta da illa ga lafiya, amma ga ɗan Rashan da aka samu da ita a hannu, illarta ta wuce ta ciwo.

Akwai kuma hanyar da ta fi wannan tsabta. Tun 1961 Ingila ke zuba jan rini a man gas ɗin da aka rage wa haraji saboda manoma, ma'aikatan kwastan su tsayar da mota su ɗebi man tankinta su duba. Kenya da Gana ma suna sa wa mai alama don kama masu fasa-ƙwauri da masu algus. Sai dai wannan sai an tare motar tukuna.

To, me ya haɗa duk wannan da Mando? A daren 11 ga Maris, 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka suka tafi da ɗalibai 39, na ƙarshensu ba su dawo ba sai 5 ga Mayu. Ranar 24 ga Agusta na shekarar aka shiga Makarantar Horar da Hafsoshin Soja da ke nan Afaka, aka kashe hafsoshi biyu, aka sace ɗaya. A ƙarshen Satumba gwamnatin jihar ta hana hawan babur na wata uku, aka kuma katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi, ban da hana sayar da fetur a jarka. Ashe babur da fetur su ne ƙafafun ɓarayin, hukuma ma ta san haka. Amma katse layi ya makantar da 'yar na'urar nan da ake ɓoyewa a mota, domin ta layin waya take aiko da labarin inda take. Alamar sinadari ba ta bukatar layi ko batir.

A ganina nan ƙarfinta ya tsaya. Dole sai hannu ya taɓa abin hawan kafin ya tafi, na'urar da za ta shinshino shi kuma sai ta matso kusa, ga iska da ƙurar hunturu suna watsa ƙamshin. An sha jin ɓarayin daji suna neman sababbin babura a cikin fansa, kuma wani zai ce ga dama ta samu, a shafa wa babur ɗin. Ni dai ina tambaya: in suka gane, wa zai biya? Wanda ke ɗaure a dajin Birnin Gwari ne, ba wanda ya shafa ba, kuma iyayensa da suka sayar da gona suka sayi babur ɗin ba lalle ne a shawarce su ba.