MARSANDI DA KUƊIN GARAR AMARYA

Mu marubuta muna da laifi, in za mu kawo saurayin ƙwarai a littafi sai mun ɗora shi a Marsandi. Har ta kai wata ƙanwata a nan Sabuwa ta kori wani mai gyaran babur, wai ita mai mota take jira. Shi ya sa na ce bari in ba ku tarihin motar nan ta Jamus.

Cikin waɗanda suka fi suna akwai 300 SL, ƙirar tsere, da aka fara nunawa a New York a 1954. Kujera biyu gare ta kacal, ƙofofinta sama suke buɗewa kamar fukafukin tsuntsu. Injinta silinda 6, ƙarfin doki 215, gudunta ya haura kilomita 200 a awa. Guda 1,400 aka ƙera zuwa 1957.

To amma daga ina aka faro? Karl Benz injiniya ne da sana'arsa ke neman durƙushewa. Budurwarsa Bertha ta ɗebi kuɗin gararta ta zuba a ciki, tun kafin a ɗaura musu aure a 1872. A 1886 ya yi rajistar motarsa mai ƙafa uku, amma ba mai saye.

A watan Agusta na 1888 Bertha ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu da asuba, suka shiga motar daga Mannheim zuwa Pforzheim ganin gida, kilomita 106. Mai ya ƙare, ta saya a kantin magani. Bututun mai ya toshe, ta zare allurar hularta ta buɗe shi. Birki ya cinye, ta sa baduku ya buga masa fata. Wannan tafiya ce ta sa mutane suka yarda mota abin hawa ce.

Ni fa ban ce ki fita ba da izinin maigida ba, kada a je a ce ni na faɗa. Amma ƙanwata, ranar da Bertha ta amince da Karl, ko mota ɗaya bai ƙera ba. Ki duba hali da sana'ar mai neman ki kafin ki leƙa abin da ya ajiye a ƙofar gida.

Allah Ya haɗa mu da mazaje nagari, amin.