Yunanawa

Yunanawa (suna, jam'i, namiji *Bayunane*, mace *Bayunaniya*). Mutanen ƙasar Girka na zamanin da. Ba sarki ɗaya ya haɗa su ba. Kowane birni yana cin gashin kansa, kamar Atina da Isparta, waɗanda suka sha gwabza yaƙi tsakaninsu. A Atina aka kafa dimokuraɗiyya wajen shekara ta 508 kafin haihuwar Annabi Isa, sai dai mata da bayi ba su da bakin magana a majalisa. Ta Larabci malamanmu suka san su, musamman Aristatalis, wanda manɗiƙinsa ya iso zaurukan karatu cikin littafin *Sullam* na Al'ahdari.

*Misali:* Modibbo ya ce wa almajiransa a Yola Gari, "Manɗiƙin nan na Yunanawa ne, ku buɗe kunne."