Damfarar imel: Yadda ake shirya ta da yadda ƙaramin ɗan kasuwa zai tsare dukiyarsa

A watan Afrilun 2018, babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac, wanda ke dillancin manyan injinan Caterpillar daga ofishinsa na Birtaniya, ya samu wani saƙon imel ɗauke da mahaɗi. Da ya latsa, sai wani shafi ya buɗe mai kama da na Microsoft, ya kuwa shigar da sunansa da kalmar sirrinsa. Ashe shafin na bogi ne. Cikin 'yan kwanaki masu kutse suka riƙa aika wa ma'aikatan sashen kuɗi umarnin biya da sunansa, har kusan dala miliyan 11 suka salwanta. A watan Fabrairun 2021 wata kotu a jihar Bajiniya ta Amurka ta ɗaure Obinwanne Okeke, ɗan Najeriyar da mujallar Forbes ta taɓa sanyawa cikin matasan 'yan kasuwar Afirka masu tasowa, shekara 10 saboda hannunsa a wannan damfara da wasu irinta.

Ba a fasa ƙofa ba, ba a kuma lalata kwamfuta ko ɗaya ba. An yaudari mutum ɗaya, sauran kuma suka bi umarnin da suka ɗauka na shugabansu ne. Wannan shi ne darasin da ya kamata duk mai ƙaramar sana'a ya riƙe: ɓarawon intanet ya fi farautar amanar da ke tsakanin mutane fiye da na'urorinsu, don haka mafi yawan kariyar tana cikin ɗabi'ar aiki, ba cikin kayan tsada ba.

Mece ce damfarar imel ta kasuwanci?

Ita ce damfarar da ɓarawo ke shiga rigar wanda ake hulɗa da shi, ko dillali ko shugaba ko abokin ciniki, ya nemi a tura kuɗin wata harka ta gaske zuwa asusun da yake iko da shi. Ta bambanta da tsohuwar wasiƙar 419, wadda ke yi wa mutum romon baka da dukiyar da bai san da ita ba. A nan cinikin na gaske ne, kayan na gaske ne, adadin kuɗin ma daidai yake. Lambar asusu kaɗai aka sauya.

Cibiyar karɓar ƙorafin laifukan intanet ta hukumar FBI ta ce a shekarar 2023 kaɗai ta karɓi ƙorafi sama da 21,000 kan wannan nau'i, kuma asarar ta kai kimanin dala biliyan 2.9. Manyan kamfanonin fasaha ma ba su tsira ba. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituwaniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi sojan gona da sunan kamfanin Quanta Computer na Taiwan, ya karɓi sama da dala miliyan 100 daga Google da Facebook ta hanyar takardun neman biya na jabu.

Waɗannan kamfanoni suna da lauyoyi da jarin da zai shanye asara. Mai shago a Kantin Kwari da ke sayo yadi daga Sin, ko mai ƙaramin kamfanin kwangila da ke jiran a biya shi kuɗin aiki, ba shi da wannan gata. Kuskure ɗaya na iya cinye jarin da aka tara cikin shekaru. Binciken da hukumar SMEDAN ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna cewa ƙanana da matsakaitan sana'o'i a Najeriya sun kusa miliyan 40, kuma mafi yawansu na mutum ɗaya ne ko 'yan kaɗan, inda mai shago shi ne akawu, shi ne ma'aji, shi ne kuma mai kula da kwamfuta.

Yadda ake shirya ta

Matakin farko shi ne satar mabuɗi. Saƙo kan zo da sunan banki ko kamfanin imel ko kamfanin jigilar kaya, yana cewa akwatin saƙo ya cika, ko za a rufe asusu, ko akwai takardar da ke jiran sa hannu. Mahaɗin da ke ciki yana kai mutum shafin bogi, kuma duk abin da ya rubuta a can yana faɗawa hannun ɓarawo.

Mataki na biyu shi ne laɓe. Ɓarawo ba ya gaggawa. Yakan yi makonni yana karanta wasiƙu, yana koyon wa ke biyan wa, nawa ake biya, da wane irin lafazi ake gaisawa. Sau da yawa yakan kafa wata ƙa'ida a cikin akwatin, wadda za ta riƙa tura masa kwafin kowane saƙo, ko ta ɓoye amsoshin wasu mutane don kada mai akwatin ya gani.

Mataki na uku shi ne sara. Idan lokacin biyan wani babban kuɗi ya matso, sai saƙo ya iso cewa asusun da aka saba yana da matsala, a tura ta wannan sabon. Wani lokaci saƙon daga ainihin akwatin dillalin yake fitowa, domin shi aka yi wa kutse. Wani lokaci kuma daga adireshin da aka ƙirƙira mai kama da nasa ne, inda aka sa "rn" a madadin "m", ko lamba 1 a madadin ƙaramin harafin "l". Da kuɗin sun shiga, sai a rarraba su zuwa wasu asusun cikin sa'o'i.

Alamomin da ya kamata su tsayar da mutum

Babbar alama ita ce sauyin lambar asusu, musamman idan sunan mai asusun ko ƙasar da bankin yake sun bambanta da na kamfanin da ake hulɗa da shi. Ta biyu ita ce matsin lamba, wato a biya yau ko a rasa kaya. Ta uku ita ce neman sirri, kamar a ce kada a gaya wa kowa, ko shugaba yana taro ba zai iya ɗaga waya ba. Ta huɗu ita ce adireshin da amsa za ta tafi, wanda kan sha bamban da wanda ya bayyana a saman saƙo. Sunan da ke fitowa a fuskar waya ba hujja ba ne, domin kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama. A latsa sunan, a karanta cikakken adireshin harafi bayan harafi.

A da, turanci mai kurakurai kan tona asirin ɗan damfara. Yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna rubuta wasiƙa tsaf, don haka kyawun rubutu bai isa shaida ba.

Matakan kariya

Na farko, kuma mafi muhimmanci, a kafa doka a wurin aiki cewa ba a sauya asusun da ake biyan kowa sai an yi magana da shi baki da baki. A kira lambar da aka daɗe da sani, ba wadda ke cikin saƙon ba. Idan kuɗin na da yawa, a fara tura kaɗan, a tabbatar ya isa, sannan a cika. Dokar ta hau kan kowa har da mai kamfani, kuma kada a tsawata wa ma'aikacin da ya jinkirta biya don ya tabbatar.

Na biyu, kowane asusu da kalmar sirrinsa. Idan mutum na amfani da kalma ɗaya a imel da Facebook da manhajar banki, to ɓallewar ɗaya ɓallewar duka ce. Tsawo ya fi sarƙaƙiya amfani: kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna sun fi sunan ɗa da shekarar haihuwa ƙarfi nesa ba kusa ba. Manhajar adana kalmomin sirri, wadda akwai ta kyauta a wayoyin Android da iPhone, tana ɗauke wa mutum nauyin haddacewa. Ta imel ce ta fi cancantar kulawa, domin ta akwatin imel ake sake saita kalmomin sirrin sauran asusu.

Na uku, a kunna tantancewa mai mataki biyu. Da ita, ko ɓarawo ya samu kalmar sirri, sai ya nemi wata lamba da ke fitowa a wayar mai asusun. Gmail da Outlook da Yahoo da WhatsApp duk suna da ita kyauta. Lambar da manhajar tantancewa ke samarwa ta fi wadda ke zuwa ta tes aminci, saboda ana iya sace layin waya. Ba a karanta wa kowa wannan lamba, ko da ya ce daga banki yake kira.

Na huɗu, a kulle layin waya da lambar sirri ta kan sim. A Najeriya layin mutum a haɗe yake da asusun bankinsa, kuma wanda ya tsinci waya na iya zare sim ya sa a wata. Idan layi ya ɗauke haka kawai alhali na maƙwabta na aiki, a tuntuɓi kamfanin waya da banki nan take.

Na biyar, a raba imel na kasuwanci da na harkokin kai. Wanda ke da hali ya yi rajistar adireshi da sunan kamfaninsa. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da adireshin da ke ƙarewa da .ng, ta hannun dillalan da ta amince da su. A nemi wanda ya haɗa adireshin ya saita SPF da DKIM da DMARC, wato hatimai uku da ke taimaka wa akwatunan wasu su gane saƙon da aka ƙirƙira da sunan kamfanin. Kowane ma'aikaci ya samu nasa akwatin, kuma a rufe shi ranar da ya bar aiki.

Na shida, a riƙa sabunta manhajoji. A watan Mayun 2017 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har da na asibitocin Birtaniya, tana neman kuɗin fansa. Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ɓarakar tun watan Maris, amma waɗanda abin ya shafa ba su ɗora ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu amfani da Windows 10 su sani cewa Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinsa na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025. Haka kuma manhajar sata da ake ɗora wa mutane a kasuwa kan zo da ɓoyayyen ɗan leƙen asiri a cikinta.

Na bakwai, a ajiye kwafi. Ƙa'idar da masana suka saba bayarwa ita ce kwafi uku na duk muhimmin bayani, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wajen shago. Littafin bashi da rasit da takardun haraji su kasance a kwamfuta, da faifan ajiya da ake cirewa bayan an kwafa, da kuma ma'ajiyar intanet. Wannan na maganin masu neman fansa, yana kuma maganin gobara da sata da lalacewar da wutar lantarki ke jawowa. Lokaci zuwa lokaci a gwada buɗe kwafin, don a tabbatar yana aiki.

Idan abin ya riga ya faru

Sa'o'in farko su ne komai. A kira banki kafin kowa, a nemi ya tuntuɓi bankin da kuɗin suka tafi don a riƙe su, sannan a bi kiran da rubutaccen ƙorafi. Daga nan a sauya kalmar sirri ta wata na'ura da aka amince da ita, a fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun, a kuma binciki saitin akwatin don goge ƙa'idojin tura saƙo da ɓarawo ya dasa. Wanda ya sauya kalmar sirri ya bar waɗannan ƙa'idoji ya kulle ƙofa ne ya bar taga a buɗe.

Kada a goge saƙonnin damfarar, domin su ne hujja. A kai rahoto ga EFCC ko cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar 'yan sanda. A kuma sanar da abokan hulɗa ta waya, tunda mai yiwuwa an riga an aika musu saƙo da sunan kamfanin. Kunya kan sa mutane da dama su yi shiru, shirun kuwa ɗan damfara yake yi wa amfani, domin yana ba shi damar cin na gaba.

Abin da doka ta tanada

Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa kwaskwarima a 2024, ta haramta kutse da sojan gona da satar bayanai ta shafukan bogi. Matasa da dama sun fi saninta da sashe na 24, wanda aka sha amfani da shi wajen kama 'yan jarida da masu sukar hukuma, amma ita ce kuma dokar da ɗan kasuwar da aka damfara zai dogara da ita.

Akwai kuma nauyin da ke kan ɗan kasuwar kansa. Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya tsare su, ya kuma sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan an yi kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Makaranta mai zaman kanta, ko ɗakin shan magani, ko kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke tara hotunan fasfo da lambobin NIN a akwatin imel, amanar jama'a yake riƙe da ita, kuma doka na iya tambayarsa yadda ya yi da ita.

Hukunci na zuwa, amma a makare. Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, an kama shi a Dubai a watan Yunin 2020, kuma sai a Nuwamban 2022 wata kotun Amurka ta ɗaure shi sama da shekara 11 kan halasta kuɗin irin wannan damfara. Ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya rufe shago ya jira shari'a ta shekaru ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya kunna tantancewa mai mataki biyu a yau, ya duba saitin akwatinsa, ya kuma tara ma'aikatansa ya shaida musu cewa daga yanzu ba a tura ko kwabo zuwa sabon asusu sai an ji muryar mai shi.