Ƙullutai masu zafi a ƙwauri: mene ne «érythème noueux», kuma me yake nunawa?

«Érythème noueux» suna ne da likitocinmu suke bai wa wasu ƙullutai masu zafi da ke fitowa a ƙarƙashin fata, galibi a gaban ƙwauri, kuma sau da yawa a ƙafa biyu lokaci guda. A littattafan likitanci na duniya ana rubuta shi erythema nodosum, sunan da likitan fata na Ingila Robert Willan ya laƙaba masa tun 1798. A Hausa ba shi da suna guda. Wani ya ce maruru ne da ya ƙi nuna, wani ya ce sanyi ne ya taru a ƙafa, wani kuma ya kai maganar ga jifa. Wannan rashin suna na cikin abin da ke sa mai ciwon ya fara da wanzami kafin ya je likita.

Ƙullutun kansa ba ya kisa, kuma yakan baje da kansa. Abin da ya sa ya cancanci a san shi shi ne, sau da yawa wata cuta ce da ke cikin jiki take bayyana ta wannan hanya. A gundumomin Birnin Konni, Malbaza da Illela, biyu daga cikin cututtukan da ake iya samu a bayansa su ne tarin fuka da kuturta, kuma dukansu ana maganinsu kyauta.

Yadda ake gane shi

Kwana kaɗan kafin ƙullutan su fito, mutum yakan ji masassara, kasala da ciwon gaɓoɓi, musamman gwiwa da idon sawu. Daga nan sai su bayyana, daga girman ƙwayar gyaɗa zuwa na ƙwan zabo, wato santimita 1 zuwa 5. Suna da ɗumi, suna da tauri, ko zane ya goge su sai an ji zafi, tsayuwa kuma tana ƙara zafin. Littattafan Turai suna cewa ja ne, amma a fatarmu jan ba ya fitowa sosai. Wurin dai yakan yi duhu yana sheƙi, hannu ya fi ido gane shi. Bayan sati ɗaya ko biyu launin ya sauya kamar na inda aka buge, sannan ya baje cikin sati 3 zuwa 6, ba tare da ya fashe ko ya bar rami ba. Duhun fata kan daɗe kafin ya washe.

Bambancinsa da maruru a nan yake. Maruru yana da baki, yana nuna, yana tara mugunya domin ƙwayoyin cuta suna cikinsa. Wannan kuwa babu mugunya ko ɗigo. Kitsen da ke ƙarƙashin fata ne ya kumbura saboda garkuwar jiki ta yi faɗa da wani abu a wani wuri dabam, faɗan ya fantsamo nan. Shi ya sa sakiya ko tsaga ko ƙaho ba sa fitar da komai sai jini, kuma su buɗe ƙofa ga gyambo a ƙwauri, wurin da kowa ya san ciwo ba ya saurin warkewa. Ba a ɗaukar ƙullutun daga wani, ba a kuma shafa wa wani.

Ya fi kama mata, musamman tsakanin shekara 20 da 40. A wajen yara ƙanana, maza da mata kusan ɗaya ne.

Abin da ke tayar da shi

Mafi yawan sanadin da ake ganowa a duniya, musamman ga yara da matasa, shi ne ciwon maƙogwaro na ƙwayar cutar da ake kira streptocoque. Yaro ya yi ciwon wuya da masassara, ya samu sauƙi, bayan sati 2 ko 3 sai ƙafafu su kumbura, iyaye kuma sun riga sun manta da maganar wuyan. Ya kamata a tuna wa ma'aikacin lafiya, domin wannan ƙwayar ce kuma take iya taɓa gaɓoɓi da zuciyar yaro daga baya idan ba a kashe ta da maganin da ya dace ba.

Juna biyu na iya kawo shi, haka ma ƙwayoyin tazarar haihuwa da ake sha kullum. Akwai magunguna, a gaba-gaba dangin sulfamide irin su cotrimoxazole, wanda aka fi sani da Bactrim, wanda kuma ake saye a tebur a kasuwa kamar alewa. Akwai wasu cututtukan hanji masu daɗewa, da wata cutar huhu mai suna sarcoïdose. A kusan rabin masu ciwon kuwa, duk binciken da aka yi ba a gano sanadi, ya zo ya wuce.

Tarin fuka shi ne wanda bai kamata a tsallake ba a ƙasa irin tamu. Ƙullutan suna iya fitowa a lokacin da ƙwayar tarin ta fara shiga jikin mutum, tun kafin ya fara tari ko rama. Yaron da ya fito da su, a gidan da wani babba ya daɗe yana tari, sai a binciki su biyun: a ɗauki hoton ƙirji, a gwada majina ko kaki a cibiyar gano tarin fuka. Maganin wata 6 ne, kuma ba a biyan kuɗinsa. Akwai wani nau'in da ke da alaƙa da tarin fuka wanda ya fi fitowa a bayan ƙafa, wajen sha-raɓa, yana daɗewa, yana kuma fashewa ya bar tabo. Likitoci suna kiran sa da sunan Bafaranshen da ya bayyana shi, Bazin.

Na masu kuturta dabam yake

Nau'in da ya fi haɗari shi ne wanda ake kira «érythème noueux lépreux», ko tashin kuturta na biyu. Yana samun masu kuturta mai yawan ƙwayoyin cuta a jiki. A cikin masu nau'in da ya fi tsanani, kusan rabi suna iya gamuwa da shi. Sunan ya yi kama da na farko, amma halinsa dabam. Ba ya tsayawa a ƙwauri: fuska, hannuwa, cinyoyi da gadon baya duk yana fitowa, rukuni-rukuni, wasu su baje cikin ƴan kwanaki wasu sababbi su maye gurbinsu. Masassarar tana da ƙarfi. Jijiyoyi suna kumbura suna zafi, ido ya yi ja ba ya son haske, maraina su kumbura ga maza, wani lokaci ƙullutan su fashe.

Abin da ke rikita mutane shi ne lokacin zuwansa. Yakan zo bayan an fara shan maganin kuturta, wani lokaci ma bayan an gama shi da shekaru. Mai ciwon ya ga yana zaune lafiya da ƴan tabbansa, daga fara magani sai jiki ya rikice, sai ya ce maganin ne bai karɓe shi ba, ya ajiye. Gaskiyar maganar ita ce, maganin yana kashe ƙwayoyin, jiki kuma yana faɗa da ragowar gawarwakinsu da suka daɗe ba su fita ba. Ajiye maganin ba ya tsayar da tashin, sai dai ya bai wa cutar damar farfaɗowa. Jinkirin komawa likita kuma shi ke kashe jijiya, jijiyar da ta mutu ita ke kawo lanƙwashewar yatsu da gyambon tafin ƙafa da idon da ba ya rufuwa. Yawancin naƙasar da ake gani a jikin kutare daga lalacewar jijiya ta samo asali.

Ƙwayar kuturta likitan Norway Gerhard Armauer Hansen ne ya gano ta a 1873. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, rifampicine, dapsone da clofazimine, kuma daga 1995 ake raba su kyauta a duniya: wata 6 ga mai ƙarancin ƙwayoyi, wata 12 ga mai yawa. Shi tashin kuwa ana kwantar da shi da prednisolone, ana rage adadin sannu a hankali, wani lokaci a ƙara yawan clofazimine, wanda ke sa fata ta yi duhu na wani lokaci. Akwai kuma thalidomide, maganin da aka janye daga kasuwa a 1961 bayan dubban jarirai sun zo duniya da naƙasassun gaɓoɓi. A 1964 likita Jacob Sheskin ya lura a birnin Ƙudus cewa yana kwantar da wannan tashi cikin ƴan kwanaki. Yana aiki ƙwarai, amma ƙwaya ɗaya a farkon ciki ta isa ta naƙasa jariri, don haka ba magani ne na yawo a hannu ba.

Mutanen wannan yanki ba su rasa wurin zuwa ba. Matakin farko shi ne CSI mafi kusa, daga nan asibitin gunduma, sannan babban asibitin jaha a Tawa. Asibitin Galmi, wanda mishan SIM ta buɗe a 1950 a bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, yana cikin gundumar Malbaza. Don kuturta da tashinta, cibiyar Danja da ke kudu da Maraɗi ta fi shekara 60 tana wannan aiki. A ƙetaren iyaka, ta Illelar Najeriya, akwai asibitin Amanawa kusa da Sakkwato. Duk wanda ya fara magani a ɗaya gefen iyakar ya riƙe katinsa idan zai tsallaka, ko ɗan kasuwar albasa ne ko ɗan ci-rani, domin ma'aikacin lafiya na can ya san inda aka tsaya.

Maganar allurar rigakafi

An rubuta rahotannin mutanen da ƙullutan suka fito musu bayan allurar rigakafi, ciki har da ta BCG, ta ciwon hanta nau'in B, da ta Covid-19 wadda aka fara yi a Nijar a 2021. Hakan na faruwa, babu amfanin musantawa. Dalilin ma a fili yake: aikin rigakafi shi ne ta da garkuwar jiki, wani lokaci kuma garkuwar ta zarce. Amma abu ne da ba kasafai ake gani ba, har likitoci suna rubuta kowane mutum guda da ya samu a mujallunsu, kuma yana bajewa cikin ƴan makonni kamar sauran. Ciwon wuya da tarin fuka sun fi allura kawo shi nesa ba kusa ba.

Abin da iyaye mata suka fi gani ba shi ba ne. Allurar BCG, wadda Albert Calmette da Camille Guérin suka haɗa aka fara yi wa jariri a Paris a 1921, ana yin ta ne bayan haihuwa. Bayan sati 2 zuwa 4 wurin ya yi ɗan ƙurji, ya fashe, ya bushe cikin wata 2 ko 3 ya bar lamba. Haka aka so ya yi. Ba a matsa shi, ba a shafa masa toka ko man zafi. Ɗan kaluluwa a hammatar wannan hannu shi ma yakan faru. Idan ya girma sosai, ya yi laushi ko ya fashe, a kai jaririn likita. Tun 2006 ne gwamnati ta ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Kumburin cinya na kwana biyu bayan allurar Penta shi ma sananne ne. Wanda ya yi mugunya da masassara mai ƙarfi kuwa ƙurjin allura ne, yana son ma'aikacin lafiya.

Ya dace a faɗi cewa BCG ɗin nan da ake zargi tana kare yara daga mugun tarin fuka mai taɓa ƙwaƙwalwa, tana kuma rage haɗarin kamuwa da kuturta. Mun ga abin da jita-jita ta jawo lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003: cutar ta bazu zuwa ƙasashe maƙwabta, Nijar na ciki. Wanda ƙullutu ya fito masa bayan allura ya je ya faɗa a inda aka yi masa ita, domin akwai takardar da ma'aikata suke cikewa kan duk abin da ya biyo bayan rigakafi, kuma likita ne zai ce a ci gaba da allura ta gaba ko a jinkirta.

Abin da ake yi wa mai ciwon

A nau'in da ba na kuturta ba, maganin ƙullutun kansa mai sauƙi ne: hutu, ɗora ƙafafu a kan matashi su ɗara ƙugu tsawo, tsumma mai sanyi, da maganin zafi irin paracétamol ko ibuprofène. Na biyun bai dace da mai juna biyu ko mai gyambon ciki ba. Hutun ne ya fi wuya, musamman ga macen da daka da ɗiban ruwa ke jira, ko mai aikin garka lokacin dashen albasa, amma tsayuwa tana tsawaita ciwon. Idan magani ne sanadi, likita ya sauya shi. Idan ciwon wuya ne, a ba da maganin kashe ƙwayar.

Babban kuskuren da ake yi shi ne sayen dexaméthasone ko prednisolone a tebur. Suna baje kumburin cikin kwana biyu, mutum ya ga kamar ya warke. Idan tarin fuka ne a ɓoye, waɗannan magunguna suna raunana garkuwar da ke danne shi. Ko ga mai kuturta da ake ba su da hannun likita, ana lura da hawan jini, ciwon suga da ƙurajen ciki, kuma ba a yanke su rana ɗaya.

Wanda zai je likita ya tafi da kwalayen duk magungunan da ya sha cikin wata guda, har da na tazarar haihuwa, da katin rigakafi. Ya faɗi idan ya yi ciwon wuya ko gudawa, idan akwai mai tari a gida, idan yana da wani tabo mai haske a fata da ba ya jin taɓi. Kada a kwana ana jira idan ƙullutan sun fito a fuska ko hannuwa, ko ido ya yi ja, ko yatsu sun fara mutuwa, ko kuma ƙafa ɗaya ce kaɗai ta kumbura gaba ɗaya tana zafi, domin wannan na iya zama daskarewar jini a jijiya ko ciwon fata mai yaɗuwa. Haka ma ƙullutun da ya wuce wata biyu bai baje ba, ko yake tafiya yana dawowa.