Sayar da Giya a Filayen Ƙwallo: Tarihinsa a Jigawa da Sauran Duniya

Sayar da giya ga 'yan kallo a filin ƙwallo lamari ne da kowace al'umma ke yanke wa hukunci gwargwadon addininta, dokarta da kuma buƙatarta ta kuɗi. A Jihar Jigawa doka ta haramta shi, ko a babban filin wasa na Dutse, ko a filin Jami'ar Tarayya da ke garin, ko a filin makaranta a Gantsa, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Buji. A Amurka kuwa, jami'o'in da suka daɗe suna ƙin yarda da shi sun buɗe masa ƙofa ɗaya bayan ɗaya tun daga wajejen 2011.

Asalin hanin a ƙasar Hausa

Hanin giya a wannan yanki ya girmi wasan ƙwallon kansa. Tun kafin zuwan Turawa, Maguzawan ƙasar Kano suna dafa giyar dawa don bukukuwa da aikin gayya, amma Musulmi sun san haramcinta. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ya mayar da wannan haramci dokar hukuma, kuma ƙasar Dutse da Birnin Kudu, inda Buji take, ta kasance ƙarƙashin Masarautar Kano da ke bin wannan doka. A mazhabar Malikiyya haddin mashayi bulala 80 ne.

Turawan mulkin mallaka ba su rushe wannan tsari ba. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Burussel a 1890 ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba a saba shanta ba. Bayan cin Kano a 1903, gwamnatin Gwamna Lugga ta riƙe wannan ƙa'ida, sannan dokar barasa ta 1917 ta sanya Arewa cikin yankunan hani. Mashaya ta zama abin unguwannin baƙi irin su Sabon Garin Kano, da kulob ɗin Turawa, da barikin soja. Kundin hukunta laifuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, shi ma ya tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha giya.

Shari'a da Hisba

An ƙirƙiro Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Bayan da Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a watan Oktoba na 1999, Jigawa ta bi sahu a watan Agusta na 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. Daga nan sayar da giya a bainar jama'a ya zama laifi, kuma 'yan Hisba suka ɗauki aikin kamawa da farfasa kwalabe. A Kano, inda aka kafa Hukumar Hisba bisa doka a 2003, an murƙushe kwalabe kimanin 240,000 a rana guda a watan Nuwamba na 2013.

Wannan hani ne ya sa cinikin bakin fili a Jigawa ya ɗauki tasa kama. Mai zuwa kallon ƙungiyar Jigawa Golden Stars, ko wasan unguwa da unguwa bayan la'asar, abin da zai tarar a hannun 'yan talla shi ne ruwan leda, zoɓo, kunun aya, rake, gyaɗa da tsire. Dattijo na iya tsayawa kallo tare da jikansa ba tare da fargabar wani ya bugu ya yi masa rashin kunya ba.

Yadda jami'o'in Amurka suka sauya

Ƙwallon da jami'o'in Amurka ke yi, wanda ake rungumewa a ruga da shi, babbar kasuwa ce. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 100,000. Duk da haka shekaru da dama yawancin jami'o'i ba sa sayar wa talakan ɗan kallo giya, domin bayan dokar tarayya ta 1984 jihohi suka bar ikon saye ga mai shekara 21 zuwa sama kawai, alhali ɗalibai da yawa ba su kai ba. Jami'ar Colorado ta hana sayarwa a filinta a 1996, kuma yawan waɗanda ake kamawa ko kora daga fili ya ragu.

Jami'ar West Virginia ce ta shahara wajen juya akalar a 2011. Hujjar shugaban sashen wasanninta, Oliver Luck, ita ce mutane kan sha su yi tatul a wurin ajiye motoci kafin su shigo, don haka gara a sayar a ciki bisa ƙa'ida, a kuma hana fita a dawo lokacin hutun rabin wasa. Jami'ar Texas ta bi a 2015, Ohio State a 2016. A watan Mayu na 2019 ƙungiyar jami'o'in kudu maso gabas, SEC, ta ɗage nata hanin, da sharaɗin a duba katin shaida kuma a daina sayarwa a ƙarshen zango na uku na wasa. Bayan duk waɗannan hujjoji akwai maganar kuɗin shiga, da ƙoƙarin janyo 'yan kallon da suka fi son zama gida gaban talabijin.

Sauyin bai zo salin-alin ba. A watan Oktoba na 2021 magoya bayan Jami'ar Tennessee suka yi ta jifa da gwangwani da robobi cikin fili har aka tsayar da wasa na kusan minti 20, SEC ta ci jami'ar tarar dala 250,000.

Sauran ƙasashe

Ingila ta hana shan giya a inda ake hangen fili tun 1985, saboda rigingimun magoya baya. Barazil ta hana a 2003, amma matsin lambar FIFA ya sa ta sassauta domin Kofin Duniya na 2014. Katar ta ƙi yin haka: ranar 18 ga Nuwamba, 2022, saura kwana biyu a fara gasar Kofin Duniya a ƙasar, aka sanar ba za a sayar wa 'yan kallo giya a harabar filayen ba, duk da cewa kamfanin giya na Budweiser na cikin manyan masu ɗaukar nauyin FIFA. An yi gasar, filaye suka cika.

Halin da ake ciki a yau

Ƙofar fili a Jigawa a rufe take ga giya, amma tallarta na shigowa ta wata hanya. A gidajen kallon ƙwallo na Dutse da ƙauyukan Buji, matashi na ganin sunayen giyar Heineken da Guinness a jikin wasannin Turai kowane mako. Abin da ya fi wannan tayar da hankalin iyaye shi ne ƙwaya da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Waɗannan ba sa buƙatar mashaya, a aljihu ake shiga da su fili.

Akwai kuma tambayar kuɗi. Jami'o'in Amurka sun miƙa wuya ne saboda wasanni na cin dukiya. Al'ummar da ta zaɓi ƙin kuɗin giya, kuma zaɓi ne mai kyau, wajibi ne ta samo wa ƙungiyoyinta madadinsa daga gwamnati, 'yan kasuwa da kamfanonin cikin gida, domin 'yan wasa su samu albashi a kan kari, filayen makarantu kuma su gyaru.